Gwiwoyin Sahun Gaba

Zubairu wanzami ya kafa ƙaho na uku a gefen gwiwar, ya zuƙa, ya toshe bakin da kaki. Tambari bai motsa ba. Yana zaune a zauren gidansa na Kaura Namoda, wando naɗe har cinya, yana kallon bango kamar ƙafar ta wani ce.

"Baba, wanga jini ai ya mutu tun zamanin En'e," in ji Zubairu. "Mi kake shafawa da can? Bara warhaka da ƙafarka kake zuwa gona."

"Ruwan saiwa. Mai ɗakina Turai ke kawowa. Ta ce mai shi ta tashi daga gari. Yi aikinka."

Tambari ya yi ƙuruciyarsa yana loda buhunan gyaɗa cikin tarago a tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya daina zuwa, gwiwa ta zauna. Abin da ya rage masa a duniya shi ne wurin tsayuwarsa a masallacin unguwa, daidai bayan liman. Shekara ashirin da biyu. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa taka wurin ko da ya makara.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Masallaci ya cika da fuskokin da ba a taɓa gani ba. Cikinsu har da Jafaru, wanda ya rufe gidan bidiyonsa, ya bar gemu, ya ɗage wando, ya buɗe kantin zuma da zaitun, bai yi wata biyu ba ya zama sakataren kwamitin masallaci. Shekaranjiya Tambari ya yi sujada ya kasa tashi sai da liman ya kai rabin Fatiha. Jiya Jafaru ya zo har zaure, ya durƙusa, ya ce kwamiti zai zauna yau Alhamis bayan Magariba. Masu lalura za su koma ƙarshen sahu, su yi salla a zaune. Bayan liman kuwa sai wanda zai iya shiga gaba nan take idan alwalar liman ta karye.

Ƙarshen sahu nan ake tara takalma.

Ba abin da Tambari bai gwada ba cikin wata huɗun nan da ruwan saiwar ya yanke. Man shanu da tafarnuwa. Ganyen tumfafiya gasasshe. Kitsen damo. Har zaitun ɗin Jafaru ya shafa, wanda ƙamshinsa bai da maraba da na ƙuli-ƙuli.

Zubairu ya cire ƙahonin, ya zubar da jinin a rairayi, ya ce, "In wanga bai yi ba, sai sakiya. Ko ka tai Shinkafi, yau kasuwa. Akwai wani mutumin Faransa mai kitsen jimina."

Tambari ya saki wandonsa, ya ɗauki sanda.

Mutumin Faransa dai daga Maraɗi yake. Ya baza kaya a bakin kasuwa, da lasifika, da fatun namun daji, da hoton ƙashin mutum an zana ja a kowace gaɓa. Ya dubi tafiyar Tambari tun daga nesa ya ce, "Baba na kusa, zo! Sanyin ƙashi ne. Baba, ka taɓa ganin jimina tana ɗingishi?"

"Ban taɓa ganin jimina ba."

"To, ba ta yi. Gudu take har ta mutu."

Ya zaunar da shi a kan akwati, a gaban jama'a, ya lakato wani abu rawaya ya murza a kan tsagar wanzami. Ya ce a zauna a rana har ya narke ya shiga ɓargo, kada a wanke sai kwana uku. Tambari ya zauna. Ƙudajen kasuwar Shinkafi suka bar mahauta suka dawo wurinsa. Bai kore su ba. Wani Bafillace ya tsaya ya duba, ya ce su fitsarin saniya suke yi. Wata mai fura ta ce toka da kanwa. Kowa ya wuce sai ya ajiye magani, kamar ana zuba sadaka.

A mota aka cusa shi baya, su biyar da rago. Kafin a iso Kaura gwiwar ta cika ƙafar wando tam. Daga tasha zuwa gida wani kare ya bi shi a baya, da ladabi, yana shinshina.

Turai ta gan shi ta ajiye taɓarya. Ba ta tambaya ba. Ta ɗora ruwa, ta kawo sabulu, ta durƙusa tana wanke kitsen.

"An ce kwana uku," in ji shi.

"Wannan kitsen akuya ne, Malam. Wanda ya kwana."

Ta gama wankewa. Sannan ya ce, "Ke. Saiwoyin nan da matar nan take jiƙawa, faɗa mini sunansu. In a dajin Zurmi suke, ni zan haƙo su da hannuna."

"Saiwa ba ta da wuya. Ga ta nan a ɗaki."

"To?"

"Ruwan ne babu."

"Rijiya ta ƙafe?"

Turai ta matse tsumman, ta shanya a kan danga, ta dawo ta zauna nesa da sandarsa.

"Ka tuna ranar da kuka tafi bayan tasha da kabbara, kai ne a gaba? Gidan Bayarabiyar nan mai tuluna?"

Ya tuna. Ranar ce ya fi alfahari da ita a tsufansa. Da wannan sandar ya fasa tulunan giya bakwai, matar ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin washegari.

"Tulu na uku naka ne," in ji Turai. "A ogogoro ake jiƙa saiwar."

Wata kaza ta ratsa tsakar gida ta wuce. Tambari ya bi ta da kallo har ta shige akurki.

"Shekara tara ina tsayawa bayan liman da giya a gwiwa?"

"Ina shafa maka bayan Isha, in wanke maka kafin Asuba. Ruwan ɗumin nan, ka ɗauka ƙauna ce ta yi mini yawa?"

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka taɓa tambaya? Ka ce yana da ƙarfi, na ce e." Ta gyara kallabi. "Kuma kada ka dube ni haka kamar ni kaɗai ce. A ƙofar baya muke haɗuwa, kowa da kwalbarta cikin zane. Ni, da uwargidan Shehu mai goro, da ta Nasidi. Ta Liman ma biyu take karɓa, nasa duka ƙafafun ne."

Tambari ya jawo sandar. Turai ta ƙara matsawa. Dogarawa kawai ya yi ya miƙe.

"Ko yau ne sai na fasa," ya ce.

"Na sani, Malam."

Ya isa masallaci kafin ladan ya sauke hannu daga kunne. Ya tsaya a wurinsa. Shehu mai goro a dama, Nasidi a hagu, Jafaru na gaba da Nasidi yana ƙamshin sabon turare.

Wata huɗu Tambari ba ya jin komai a salla sai gwiwarsa. Yau ya saurari ta mutane. Da aka tafi ruku'u sai ya ji wani abu ya ce ƙas a damansa. Da aka yi sujada Nasidi ya sauke numfashi kamar an ɗora masa buhu. Da aka zo tashi raka'a ta biyu, Liman ya ja kabbarar, ya ja, ya ja, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a cinya, bai ƙare ta ba sai da ya miƙe. Mutane sun daɗe suna cewa ƙira'ar Liman ta ƙara natsuwa. Jafaru kuwa tuni yana tsaye shi kaɗai, ya riga limaminsa.

Aka yi sallama. Jafaru ya miƙe da takarda a hannu, ya yi salati, ya kawo sunan littattafai biyu, ya bayyana matsayar kwamiti. Ya rufe da cewa ba don cin fuskar kowa ba ne, don gyara ne. Ido ya koma kan Tambari.

Tambari bai dubi Jafaru ba. Ƙeyar Liman ya duba.

"Na ji," ya ce. "Ni ban yi karatu ba. Tambaya ɗaya gare ni, Allah shi gafarta Malam. In duk mai ciwon gwiwa zai koma wurin takalma, wa zai ja mu salla? Na ji an ce tun da aka yi aikin bayan tasha ciwon ya yi yawa a unguwar nan."

Shehu mai goro ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a tabarma. Nasidi ya yi tari. Liman ya juyo a hankali, shi da Tambari suka dubi juna.

"Sakatare," in ji Liman, "akwai saɓanin malamai a mas'alar. A bar kowa inda yake."

"Amma Malam, kai ka ce..."

"Na ƙara bincike."

Jafaru ya naɗe takardarsa. Jama'a suka fara fita, ana neman takalma. Dattawan huɗu ba wanda ya motsa. Kowa ya ciro carbi, kowa yana jiran sauran su riga shi tashi, don kada a ga yadda zai yi. Liman ya kai ƙarshen carbinsa ya sake kamawa daga farko.

A waje wani yana ce wa wani, "Ka ga albarkar Shari'a. Tsofaffin nan yanzu daga Magariba ba sa tashi sai sun yi Isha."