Takalman Mista Metcalfe

Tamsin ta riga ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ƙofar Dokta Pickersgill sai ta jiyo muryarsa daga ciki, bakinsa cike da biskit.

"Yarinyar nan in ta sake buga ƙofar nan yau, ciro ƙofar zan yi in ba ta kyauta, ta tafi da ita gida."

Nas ɗin da ke ciki ta fashe da dariya. Tamsin ta sauke hannunta a hankali, ta koma ɗakinta.

Sabuwar mataimakiyar likita ce a wannan ƙaramin asibiti na ƙauye a tsaunukan Yorkshire, ko wata ba ta cika ba. Tana duba marasa lafiya, amma ba ta da ikon sa hannu a takardar magani, kuma duk abin da ya shige mata duhu sai ta kai wa dattijon likitan. Shi da bakinsa ya ce mata ranar farko, "Ko yaushe ki buga." Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauki maganar da gaske. Ta zauna ta rantse a ranta, yau ko rufin asibitin ne ya rufto ba za ta je ba.

Tana cikin wannan rantsuwa warin tumaki ya shigo, mai warin na biye. Wani dogon tsoho ne, hularsa a hannu. Ya tsaya ya tuɓe dogayen takalmansa na roba da suka sha taɓo, ya jera su a bakin ƙofa, ya tako da safa.

"Ke ce likitar?"

"Mataimakiyar likita ce, Mista Metcalfe. Me ke damunka?"

"Ba komai. Ɗan ƙwannafi ne. Ba ni maganin sha in wuce, 'yar nan, tumakina na haihuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun safe. Ko jiya. Wa ke lissafi?"

"Yana taɓa hannunka?"

"Hannu kuma? Mutumin da ya wuni yana jawo 'yan raguna, ina hannu zai yi daɗi?"

Fuskarsa ta yi fari fat, goshinsa na naso alhali ana sanyi. Tamsin ta ce za ta auna zuciyarsa da na'ura, ya daure ya kwanta.

"In kwanta? Da rana tsaka? Ni fa ba ɗan birni ba ne." Ya miƙe yana dafa tebur. "Bar shi kawai. Na sha shayi ya wuce."

Ta san ba ta isa ta tsare shi ba. Ta kuma san in ya fita, ƙila a garke za a tsince shi. Ƙofar da ta rantse ba za ta taɓa ba tana can ƙarshen baranda, kafin ta je ta dawo kuwa tsohon ya kai bakin titi. Sai idonta ya sauka a kan takalman.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sunkuya ta sure su, ta rungume da taɓon da komai, ta zura da gudu.

"Ke! Ke 'yar nan! Ɓarauniya!"

Hannuwanta duka a cike suke, don haka da dugadugan takalman ta daki ƙofar. Dokta Pickersgill ya buɗe da kofin shayi a hannu. Ya dube ta, ya dubi rigarta da ta koma kalar gona.

"Tamsin, mu nan mutane muke dubawa. Ina mai su?"

"Yana ɗakina, Dokta. Wai ƙwannafi. Manomi ne, Metcalfe."

"Matarsa ce ta jawo shi?"

"Shi kaɗai ya zo."

"Da ƙafarsa? Ana tsakiyar haihuwar tumaki?"

Ya dire kofin har shayin ya fantsama. Tamsin ba ta taɓa sanin dattijon na iya gudu ba sai ranar. Yana tafe yana ƙwala wa nas kira ta kirawo motar asibiti, tun bai ga mara lafiyar ba. A wannan yanki manomi kan ɗaure karyayyen yatsa da igiyar ciyawa ya koma aiki, saboda haka wanda ya baro garke da kansa ba sai an tambaye shi ko da tsanani ba.

Suka tarar da Metcalfe a tsakiyar ɗaki cikin safa, babban yatsa ya leƙo ta huda, yana huci.

"Pickersgill, ɓarayi kuke ɗauka aiki yanzu?"

"Su suka fi araha. Kwanta, Wilf."

Ya kwanta yana mita, Tamsin ta manna masa wayoyin na'urar. Takardar ta fito. Dokta bai karɓa ba, ya ce ita ta karanta. Ta karanta, ta faɗi abin da ta gani: jijiyar zuciya ce ta toshe. Ya gyaɗa kai kawai, ya sa ta ba Metcalfe asfirin ya tauna.

Da motar ta iso sai da aka yi ciniki. Metcalfe ya ce ba inda za shi sai an kira maƙwabcinsa ya duba wata tunkiya mai taurin kai da ke naƙuda. Aka kira. Aka fita da shi a gadon ɗauka, yana nuna Tamsin da yatsa yana gaya wa ma'aikatan su riƙe takalmansu da kyau.

Da ɗakin ya yi shiru sai ta zauna. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ƙwace kayan mara lafiya, ta yi gudu a baranda, ta ɓata ƙofar maigidanta da kashin tumaki. Ta fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Dokta, game da takalman nan..."

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Na san bai dace ba."

"Bai dace ba ko kaɗan. Kada in sake gani." Ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya zaro makullin tsohuwar motar Metcalfe, ɗaure da igiyar ciyawa, ya ajiye mata a tebur. "In matarsa ta zo ki haɗa mata takalman da wannan. Ni sai da na yi shekara goma a nan kafin in koyi wannan dabarar."