Layar Zana a Cikin Salula

Tsakanin zagayen farko da na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da kowa ke tsoron a san wanda yake so, Sharifu mai gyaran salula a Gidan Rumji ya fara sa wa mutane VPN, manhajar da ke ɓoye inda mai salula yake. Ba ya wahalar da kansa da bayani. Layar zana yake kiranta.

"Da ka danna nan ka ɓace," ya ce wa Labo, wani manomi daga ƙauyukan bakin iyaka. "Ko jandarma suka bi sawunka, a Jamus za su gan ka."

"Ni da ko Yamai ban sani ba?"

"To yau ka wuce ta, kuma ba ka biya mota ba."

Ya haɗa masa da layin da ba ya ɗauke da sunansa.

Ba zaɓe ne ya dami Labo ba. Da damina ya ci burtali, ya shuka gero a hanyar shanu, kuma Giɗaɗo, makiyayin da rugarsa ke bayan gari, ya ce zai faɗa wa maigari kafin a sake shuka. A kwanakin nan ne ɓarayin daji suka kwashi mutane a ƙauyen maƙwabta, gari ya cika da zargi.

Ranar kasuwa, da mazan gidansu suka tafi, Labo ya ce kansa na ciwo. Ya shiga ɗaki, ya danna layarsa, ya cusa gefen rawani a baki don muryarsa ta sauya. Ya aika saƙon murya cikin zauren WhatsApp na ƴan gari cewa Giɗaɗo ne ke nuna wa ɓarayi hanya.

Mutumin da ya tabbata ba a ganinsa, a nan ake sanin abin da ke cikinsa. Da sunansa, Labo ba zai iya faɗin rabin wannan ba.

Samari suka tafi ruga da sanduna, suka rufe shi da duka. Giɗaɗo ya cika a kan amalanke, ba a kai likita ba.

Bayan jana'iza mutane suka koma tambayar wa ya yi maganar. Labo ya yi ta jimami tare da su. Lambar baƙuwa ce, muryar kuma ba ta kowa ba.

Mahaifin Labo, Malam Cindo, shi ne ladanin gari, kuma masallacin bango ɗaya yake da gidansu. Tsoho ne, ba ya riƙe salula. Ɗiyarsa Hasiya ce ta kawo masa tata.

"Baba, kada ka saurari maganar. Saurari bayanta."

Ya kanga a kunne. A bayan ƙaryar akwai kiran sallar azahar, kusa ƙwarai, da muryarsa. A tsakiyar shahada tari ya sarƙe shi, ya tsaya, ya sake. Ya tuna ranar. Ya tuna wanda bai je kasuwa ba.

Ya sa aka kira Labo.

"Kanka ya bar ciwo?"

"Da sauƙi, Baba."

Tsohon ya ce wa Hasiya ta sake kunnawa. Labo ya saurara har wurin tarin, sai ya zauna a ƙasa.

"Baba, ba mai iya ganowa. An rufe komai. Sharifu ya ce ko jandarma..."

"Kai aka rufe. Ni aka bari a fili. Ina shaida babu abin bauta sai Allah, kai kana kashe mutum a ƙarƙashin muryata."

"Ban ce su kashe shi ba."

"Mi ka ce su yi?"



Malam Cindo ya laluba sandarsa ya miƙe. Hasiya ta ce la'asar ta yi, mutane na jiran kira.

"Su nemi wani," ya ce. "Ba ni salular."

Ya wuce ƙofar masallaci bai waiwaya ba, ya nufi gidan maigari.