Shekarar da Ɗan Azumi Ya Jira Mazari

A ƙauyenmu, gabas da Kona, gidan su Ɗan Azumi ba su shibka da ruwan farko. Tun kakanni, sai bado ya buɗe farin hurensa a fadama, mazari sun rufe ruwa suna shawagi, sannan su ɗauki sungumi. Su dai a wurinsu, ƙwaron nan shi ke shaida damana ta zauna. Kuma da can gaskiya ne, na gani da idona: mu yi shibka biyu rana ta ƙone, su su yi guda ta kama.

To amma yanzu fadamar ba ita ba ce. An sare itacen bakinta, rairayi ya gangaro ya cike ta. Kajiji ya ɓace, bado ya ɓace, sai duman kada ke jan ciki bisa yashi.

Bara ruwa ya sauka da kyau. Kowa ya fita gona. Ɗan Azumi kuwa kullum da hantsi yana fadama, hannu a baya, yana duban sama.

Matarsa Balkisu ta ce, "Malam, hatsin Sirajo ya kai gwiwa, mu ko rami ba mu sara ba."

"Sirajo ƙanena ne, ba shi zai koya mini damana ba."

"To mazarin wasiƙa za su aiko maka? Ina ruwan da za su sauka a kai?"

"Ke dai ki rufe mini iri da kyau."

Ni ma na je na same shi. Na ce, "Ɗan Azumi, fadamar ubanka ta mutu. Ka shibka." Bai ko dube ni ba.

Kwana arba'in da ruwan farko ya ga mazari guda, ja, ya sauka bisa huren duman kada. Guda tak. Ya dawo da gudu, tsoho da shi, yana kiran Balkisu ta fito da iri. Suka shibke gonar a kwana biyu.

Hatsi ya tsiro kore shar. Ya kai ƙugu, ruwa ya ɗauke. Ko zangarniya ɗaya bai fidda ba, kara suka yanka wa awaki. Iri ya tafi, rumbu wayam.

Bana Sirajo ya kawo masa tiya biyu ta iri. An yi ruwa shekaranjiya. Jiya da hantsi na hangi Ɗan Azumi a fadama, hannu a baya.