Ranar da Dogo Ya Wanke Kwanuka

A jirgin dakon kayan nan akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba: in mummunan labari ya zo wa mutum ana tsakiyar teku, ba a faɗa masa sai an kai gaɓa. Me zai yi da shi a kan ruwa? Wayar kowa ba ta kamawa sai an kusa tudu, saƙo kuwa ta ofishin kyaftin kaɗai yake shigowa. Kyaftin yakan tsegunta wa Kuku, mai dafa abincin jirgin, shi kuma ya riƙa ƙara wa bawan Allahn tsokar nama, yana jan sa da barkwanci har a sauka.

Shekara goma sha tara Kuku yana wannan aiki. Mutum ne mai baki, ko shinkafa ta kama sai ya ce sabon salo ne. Amma fara'ar tasa ba ta banza ba ce. Matarsa na fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako ake wanke mata jini, kuma katin asibitin da kamfani ke bai wa iyalan ma'aikata shi ke riƙe da ita. Ya san akwai masu jini a jika da ke jiran gurbinsa, don haka ko bayansa ya riƙe ba ya bari a gan shi ya dafe ƙugu.

Saura kwana huɗu su isa tasha, da hantsi, ya shiga kicin ya tarar da Dogo mai kula da inji ya naɗe hannun riga yana wanke kwanuka. Dogon da ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba!

"Yau kuma wace rana?" in ji Kuku. "Man inji ne ya ƙare ka zo satar na girki?"

"Haba Baba Kuku, laifi ne a taimaki dattijo?" Dogo ya amsa, bai ɗago kai ba.

Da rana kyaftin da kansa ya leƙo, ya yaba miyar da gishiri ya yi wa yawa. Nan gaban Kuku ya faɗi. Ai ba a yi wa mai dabara dabararsa. An ɓoye labari, kuma tun da ba a gaya masa ba, nasa ne.

Ya zauna a kan buhun albasa. A ransa ya ce matarsa ta rasu ke nan. Ya tuna safiyar da zai taho, yadda ta nace sai ta goge masa fararen rigunansa, a zaune, don ba ta iya tsayuwa. Matakala goma sha biyu ce tsakaninsa da ofishin kyaftin, zai iya hawa ya tambaya. Amma muddin bai tambaya ba, tana nan da ranta a kujerarta ta bakin taga. Tsoro ya hana shi hawa.

Kwana huɗun nan bai fasa komai ba. Ya dafa, ya raba, ya tsokani kowa, su kuma suna dariyar da ta fi ƙarfin zancen. Har tausayi suka ba shi, ganin yadda suke wahalar ɓoyewa. In abin ya ci ƙarfinsa sai ya shige ɗakin sanyi inda ake ajiye nama, ya ja ƙofa, ya yi kukansa, ya fito da kaza a hannu.

Ana ɗaure jirgi kyaftin ya aika a kira shi. Ya ba shi kujera, ya tura masa wata takarda.

"Baba, kamfani ya ce daga wannan tafiyar ba za a sake ɗaukar wanda ya haura shekara hamsin da biyar ba. Wallahi na yi iya ƙoƙarina."

"Shi ke nan, ranka ya daɗe? Ba saƙo daga gida?"

"Babu."

"Alhamdu lillahi!" Kuku ya tuntsire da dariya, hawaye na zuba, har kyaftin ya tsorata ya miƙa masa ruwa.

Ya sauka da jakarsa kusan da gudu, ya raɓe a inuwar wata kwantena, ya kira matarsa. Sau uku wayar ta yi ƙara kafin ta ɗauka.

"Baban yara, kun sauka lafiya? Yanzun nan muka dawo daga wankin jinin."

Tana magana tana hutawa, numfashinta na fita da ƙyar. Sai a lokacin ya sake buɗe takardar da ke hannunsa, ya ga layin ƙarshe: katin asibiti zai daina aiki a ƙarshen wata.

"Ka yi shiru," in ji ta. "Kwana nawa suka ba ka wannan karon? Kar ka ce mini sati biyu."

Ya gyara murya, ya nemo wadda ya saba yi mata magana da ita.

"A'a, wannan karon zan daɗe. Sai kin gaji da ni kin kore ni."

"Kai, Allah Ya saka wa kamfanin nan da alheri," ta ce. "Bari in gaya wa yara."