Dutsen Gangar Kabeji

Bana ne karon farko da mahaifiyata ta sakar mini gangar kabeji. Gwiwoyinta sun daina sauka ɗakin ƙasa, sai ta kira ni ta damƙa mini dutsenta, wani sulɓaɓɓen dutse da kakarmu ta ɗauko daga kogin Maritsa. Ta ce, "Tsvetana, shi ke danne kabeji cikin ruwan gishiri. Kada ya bar gangar nan sai sanyi ya wuce." Ginka, matar ƙanena, ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, amma ni aka ba.

Na jera kabeji, na zuba gishiri, na ɗora katako da dutse. Sai mura ta kayar da ni, na bar wa mijina Lyuben aikin sauka yana hura tiyo don ruwan ya riƙa juyawa. Kullum na tambaya sai ya ce lafiya lau.

A tsakanin nan malamin fiziks ya ba 'yarmu Desi aikin gida: a auna dutse a sarari, a sake auna shi cikin ruwa, a lissafa nauyin da ruwa ya rage masa. Ina kwance ina jin uba da 'ya a banɗaki suna ta facal-facal da sikelin cefane. Lyuben direban tasi ne, amma ranar sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ruwa. Ban tambayi inda suka samo dutse ba. Duwatsu sun ƙare ne a garinmu Plovdiv?

Da na warke na sauka da kaina. Tun daga matakala ɗoyi ya tare ni. Na ɗaga murfi, kabejin duk sun taso sun yi baƙi, funfuna ta yi musu hula, ƙananan ƙudaje na bin yauƙin da ke gefe. Na taɓa ɗaya, yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Ban taɓa ƙyamar abin da hannuna ya yi irin ta ranar ba. Dutsen kuwa a baranda na same shi, ya tokare ƙofa, Lyuben yana kashe sigari a kansa.

Ya ce, "Aro fa muka yi, mantuwa ce. Kuma maki shida Desi ta ci, babu makin da ya fi wannan a makarantarsu."

"Hura tiyon da kake sauka yi fa?"

Ya sosa ƙeya.

Desi ta ce, "Mama, ai dole su taso. Ruwan gishiri ya fi ruwan famfo tura abu sama."

"Sannu malama. Ɗauko bokiti."

Da muka sauka zubar da ruwan gangar, Lyuben ya ga damar wanke kansa. "Ku ja baya, tambaya ta biyu ke nan a aikin gidan Desi. Ruwan ƙasan ganga a matse yake, in na ɗan zuƙi tiyon zai fito da kansa." Lissafinsa bai yi ƙarya ba. Ya fito da kansa, da gudu, har da guntayen ruɓa, ya cika masa baki ya biyo ta hanci. Ya durƙusa yana kelaya amai a kan takalmina, ban ko shafa masa baya ba.

Ranar Kirsimeti na sayo kabeji a kasuwa, na naɗe da shinkafa da nama kamar yadda aka koya mini. Kowa ya zauna, har da ƙanena da Ginka. Mahaifiyata ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ajiye cokali. Da ma faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba, ta juya wurin jikarta.

"Desi, kun gama karatu da dutsen?"

"Mun gama, kaka."

"To ki wanke shi da kyau, ki sa wa Ginka a jaka."