Shaidar Umma

Hamsin da takwas. Abin da na ci ke nan a jarrabawar ƙudurat, wadda ake yi wa masu neman shiga digiri na biyu. Sau uku ina zaunawa: hamsin da biyar, sittin, sai kuma hamsin da takwas, wato ma baya na koma. Ni dai ban san me suke so da ni ba. A ce maka jirgin ƙasa ya taso daga Jidda, wani ya taso daga Madina, wai yaushe za su haɗu. Ina ruwana da haɗuwarsu? Abin da nake so in karanta shi ne ilajul wazifi, aikin koya wa wanda ciwo ya kayar yadda zai koma yi wa kansa abubuwa, ya ci abinci da hannunsa, ya sa riga, ya yi alwala ba sai an riƙe masa buta ba.

Kuma aikin nan na iya shi, wallahi na iya. Shekara uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, wata biyu bayan an rushe gidanmu na unguwar Nakkasa mun koma unguwar Ka'akiyya. Likita sau ɗaya yake ganinsa a wata, sauran kwanakin duk nawa ne. Ni na naɗe masa cokali da tsumma har ya yi kaurin da zai iya riƙewa. Ni na cire maɓallan rigunansa na ɗinka masu mannewa. Sai da muka yi wata bakwai kafin ya kai loma bakinsa bai zubar ba, ranar kuwa kicin na shige na sha kukana.

Makaranta huɗu na nema. Ta farko ta ce sai mai saba'in. Ta biyu ta rubuta sittin da biyar a wani shafi, saba'in a wani, na buga waya in tambaya aka ce in duba shafin. Ta uku har yau shiru. Sai ta huɗu, wata kwaleji a Jidda, ita ce ta ɗan bar ƙofa: wanda makinsa ya gaza, in ya taɓa kula da majinyaci, ya rubuto bayani, ya haɗo da lambar mutum ɗaya da ya gani da idonsa. Kujera biyu kacal suka ware wa irinmu, ni kuwa ba ni da sauran wata ƙofa.

To wa ya gani da idonsa? Baba maganarsa ba ta fita sosai a waya. Ƙanwata Hanan tana gidan mijinta a Ɗa'if. Umma ce ke nan kullum, sai na rubuta lambarta. Na ce, "Umma, za a kira ki daga makaranta, ki gaya musu gaskiya kawai." Ta ce, "To."

Ran Talata bayan la'asar ina kantin maganin da nake aiki a unguwar Kudai, sai ga waya. Wata mata ce, da Larabci, ta ce ita ce Dakta Ghada daga kwalejin.

"Suhaila Mukhtaru? Matar da kika ba mu lambarta, mece ce taki?"

"Mahaifiyata ce."

"Ita ta haife ki?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"To na tambaye ta ko ta san Suhaila. Sai ta ce akwai dai wata yarinya a gidan. Na ce ita ke kula da mijinki? Ta ce Allah ne ke kula da shi. Na ce yaya aikinta? Ta ce yaran yanzu me suka iya, tana dai ɗan taɓawa. Na roƙe ta misali ɗaya, sai ta ce mini kina da nauyin barci."

"Dakta, ban gane ba."

"Ni ma ban gane ba. Kin rubuto mana shafi uku, shaidarki ta ce ba haka ba. Gobe da azahar kwamiti zai zauna."

Kaina ya ɗaure tamau. A cikin bas har na wuce inda nake sauka, sai da na dawo da ƙafa. Laifi na yi mata? Ko ba ta so in tafi Jidda ne ta kasa faɗa? Ko ta ɗauka 'yan damfara ne? Kowanne na ɗauko na juya sai in ga bai zauna ba.

Na same ta a falo tana tsinke ganyen mulukiyya na miya, Baba na kan kujerarsa. Ko abayata ban cire ba.

"Umma, me kika gaya wa matar nan?"

"Abin da ya kamata."

"Kin ce mata ban iya komai ba!"

Ta ɗago ta dube ni kamar ni ce na yi abin mamaki. "To me kike so in ce? In wage baki in yabi 'yar fari a gaban baƙuwa, sai ka ce wadda ba ta da mafaɗi? Ga kuma baki, matar da ko idonta ban sani ba. Ai na gaya mata ni ce uwar. Duk mai hankali in ya ji uwa ta faɗi haka, ya san yarinyar kirki ce. Da ba ki da kirki ai sai in ce ban sani ba."

Innalillahi! Wato ita a wurinta shaida ta bayar mai kyau. Ni ce 'yar farinta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Hanan kuwa sai ta kira ta sau goma a wuni. Haka na taso, ko a jikina. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa za ta ɗauko kunyar Kano ta kai wa Balarabiyar Jidda ba.

Na ce, "Umma, ba su san wannan ba! Cewa suke ƙarya na yi!"

"Ƙarya kuma? Wa ya ce kin yi ƙarya?"

"Ke kika ce!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar, kuma har yanzu ina jin nauyin abin. Ta ajiye ganyen da ke hannunta. Sai Baba ya yunƙura, da bakinsa da ya karkace, ya ce wa Umma, "Hauwa. Ki kira ta."

Washegari da hantsi na buga mata lambar na miƙa mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ce in fita. Na fita, amma ina bayan labule, ba zan ɓoye ba. Ta juya fuskarta bango, da Larabcinta na kasuwa ta ce, "Dakta, ni ce uwar..." Ta tsaya. Ta gyara murya. "Uwar Suhaila."

Shekarata ashirin da bakwai, ban san haka sunana yake a bakinta ba.

Daga nan ta shiga zubo magana. Ashe duk tana gani. Har ranar da Baba ya jefe ni da kofi don haushi, na ɗauke na sake cikawa na dawo, ta faɗa. Har yadda nake ɓoye hannunsa mai lafiya a cikin safa don dole ya yi aiki da ɗayan. Tana ta cusa masha Allah a tsakanin kalmomi. Can na ji ta ce, "To. To. Shukran."

Ta fito ba ta kalle ni ba. "Ta ce za ta kai musu. Amma wai yanzu ba ta san wacce maganar tawa za ta rubuta ba, ta jiya ko ta yau."

Ran Lahadi saƙo ya shigo. Ba a ɗauke ni ba. Dalili layi ɗaya ne: bayanan shaida sun saɓa wa juna. Na karanta sau huɗu, ina neman wanda zan yi fushi da shi, na rasa. Na je na fassara wa Umma.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, a hankali, "To ai na faɗa musu. Har sunan na faɗa. Ke nan a banza na zubar da kunyata?"

Sai na zauna kusa da ita a ƙasa, ita tana kuka ina kuka.