Guɗar Hajiya Tchima

Yasmina ta leƙa daga bayan mawaƙa. Ga mahaifiyarta can a layi na uku na babban cocin, ta ci ado da shadda ruwan goro. Duk Greensboro ta Amurka kuwa an san Hajiya Tchima da guɗa. Ranar da Yasmina ta gama sakandare, sai da shugaban makaranta ya dakata da jawabi.

Yau ana naɗar waƙar da ƙungiyar mawaƙansu za ta rera a cocin, kuma faifan ne za a aika makarantar kiɗan da Yasmina take nema. Malam Davou, jagoran mawaƙan, ya faɗa ya maimaita: idan an kai ƙarshe, kowa ya yi tsit har sai ya sauke hannu. Ko tari ne ya shiga, babu sakewa.

Tun a mota daga unguwarsu ta Glenwood Yasmina take roƙonta. "Mama, don Allah, ban da guɗa."

"Ma fille, ɗiyata, ki yi waƙa gaban garin nan, ni in zauna kamar dutse?"

Abin da Yasmina ta ɓoye shi ne waƙar ta matattu ce, tsohuwar addu'ar Turawa ta nema musu hutu. Bara aka binne babanta, ba ta so ta fama wa Hajiya ciwo.

Muryoyin maza suka taso kamar hadari, ganguna suka girgiza benci. Can komai ya lafa, ya rage muryar Yasmina ita kaɗai. Ta kai ta sama, ta sauko da ita a hankali har ta ƙare.

Hannun Malam Davou na sama. Tsit.

Sai hannun Hajiya ya taso, ya nufi hanci. Haka take fara guɗa. Yasmina ta runtse ido.

Shiru. Da ta buɗe ido, Hajiya ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Malam Davou ya sauke hannu. Tafi ya ɓarke.

A bakin ƙofa Hajiya ta damƙe wuyan hannunta. "Ke! Ban ji yarensu ba, amma na san kukan rashi. Ta'aziyyar ubanki kika kawo ni da kayan biki?"

"Ki yi haƙuri, Mama."

"An kashe na'urar tasu?"

"An kashe."

Hajiya ta share hawaye, ta kama hanci. Tantabarun kan rufin cocin suka watse.